Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam wchar_t

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a ɗakinka na cikin harshen C, inda ka tare tun 1990. Mu masu rubuta manhaja ne muke tafe da koke.

Da ka zo, alkawari ka ɗaukar mana: kowane harafi na duniya da gurbinsa guda. A lokacin ba za a ce ka yi ƙarya ba, don Unicode na 1991 ya ɗauka bit 16, wato gurbi 65,536, zai ishi kowa. A 1996 aka ga bai isa ba, aka faɗaɗa. Kai kuwa ga ka nan baki biyu: a Windows bit 16, a Linux 32. Yau emoji ɗaya sai ya cinye gurbinka biyu a Windows, mai ƙirga haruffa ya ƙirga ba daidai ba, mai yanka jimla ya raba harafi gida biyu.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne halinka a bakin fayil. Mutum zai buɗe wofstream, ya zuba "Sannu da zuwa, ƙanena", ya rufe. Idan ya leƙa, ko ya tarar da rabin jimla, ko fayil wayam. Me ya faru? Harafin ƙ ya iso ƙofa, locale ɗin "C" da kowace manhaja ke farawa da shi bai san shi ba, sai rubutu ya tsaya cak. Ba kuka, ba sallama. An dai ɗaga wata 'yar tuta a ciki, wadda ba mai gani sai ya tambaya. Wanda ya gwada manhajarsa da Turanci zalla zai kwana yana murna. Mai ɓ da ɗ da ƙ shi zai kwana yana lalube. Gara ma ɗan'uwanka wcstombs, shi ko -1 yakan miƙo.

Ga kuma kishi. Fayil ɗin da fprintf ya riga ya taɓa, fwprintf ba shi da hurumi a kansa, kamar kishiyoyin da suka raba tukunya. Aka kawo wstring_convert don sulhu, C++17 ya ce a daina amfani da shi, bai kuma naɗa magaji ba.

Gaskiya ɗaya, in ƙ ya rikiɗe ya koma Æ™, ba mu ɗora maka ba. Wani ne ya karanta UTF-8 da idon Windows-1252.

Roƙonmu kaɗan ne. Tun 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, kuma char talaka yana ɗaukarsa ba gardama. Ka tsaya a zauren Windows inda ake bukatarka. Za mu kira WideCharToMultiByte da lamba 65001, mu karɓi saƙon daga hannunka, mu shigar da shi fayil da kanmu.

A gaida char16_t da char32_t. Su dai ko ba komai sun faɗi girmansu.

Naka,
Wani mai fama da haruffa masu ƙugiya