Musa da Mangwaronsa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin firamare ya san Musa. Shi ne yaron nan na cikin littafin lissafi wanda kullum yake da mangwaro biyar, kullum kuma sai an sami wani bawan Allah ya ƙara masa uku, sannan a juyo kanka a ce nawa ke nan. Mu a zamaninmu takwas muke cewa mu zauna, don dorina na kan teburin malam. Yaran yanzu kuwa sai sun bi diddigi.

Ana tsakiyar dogon hutu, cikin watan Agusta, yayata ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai da ka yi boko mai zurfi, zo ka duba mini 'ya'yanka. Abba in aka ce takwas a tara da biyar, sai ya cire takalmi ya haɗa da yatsun ƙafa." Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Wasa za mu mayar da abin, ba su ma san karatu suke yi ba."

Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida: Abba ɗan aji biyu, Ummi 'yar aji ɗaya, sai Auta wadda ko allo ba a yanka mata ba, ta zo cika sahu. Na gyara murya na ce, "Musa yana da mangwaro biyar, maƙwabcinsa ya ba shi uku."

"Wane Musan?" in ji Abba. "Na gidan mai unguwa ko mai faci?"

Na ce kowanne.

"In mai faci ne, ba wanda zai ba shi. Marowaci ne."

Ummi ta ɗaga hannu. "Kawu, ina ya samo mangwaro yanzu? Ai tun kafin ruwa ya sauka ya ƙare. Yanzu lokacin masara ne."

Na mayar da shi masara. Ta ce gasasshiya ko dafaffiya? Abba ya ce kyauta aka ba shi ko rance, don in rance ne biyar ɗinsa yake da ita har yanzu. Aka kira la'asar ba mu fita daga gidan Musa ba.

Washegari na zo da dabara. Na tsaya wajen mai baro na sayo dabino, don yaro ya ga abin da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Na ajiye shida a dama, huɗu a hagu, na ce a haɗa a ƙirga. Na waiwaya amsa sallama, ina juyowa Abba ya ce bakwai. Na ce a sake. Ummi ta ƙirga a tsanake, ta ce shida. Sai na dubi Auta: ta yi shiru, kumatu sun cika fam kamar na gafiya. Ummi ta ce a yi mata adalci, a haɗa da ƙwallaye. Auta ta tofo huɗu a tafin hannuna, lissafi ya koma goma.

Na ce to, a koma abin da ba ya ciyuwa. Muka tona ramukan dara guda talatin a ƙasa, jeri biyar na shida-shida, ni da tsakuwa goma sha biyu, Abba da kara goma sha biyu. Na tambaye shi 'ya'ya nawa ke nan gaba ɗaya. Ko kallona bai yi ba ya ce ashirin da huɗu, ya jera uku, ya cinye mini ɗa. Takalminsa na ƙafarsa.

Daɗi ya kwashe ni, na ce gobe wasan kasuwa za mu yi, da kuɗin gaske. Aka kife kwali ya zama kanti, Abba mai kanti. Alawa naira 20, biskit 50, ƙuli-ƙuli 100. Na kafa doka: duk wanda ya ci tambaya yana da Murtala ɗaya, wato naira 20. Na ɗauki ɗaya-ɗaya na miƙa masa ɗari biyu mai hoton Sardauna.

"Ɗari da saba'in," in ji shi. "Kawu, babu canji. Ɗauki alawa, sauran goma ka biyo gobe."

Ummi ma ta gano da kanta cewa Murtala biyar ɗari ce, Murtala goma kuma Sardauna guda, ta riƙa tara nata tana kawo mini in canza. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga layi. Yaran maƙwabta suka cika soro, kowa na son lissafi. Aljihuna ya bushe, na ce a ci gaba bashi. Abba ya ɗauko gawayi ya fara ja wa kowa layi a bango.

Hajiyarmu, kakarsu, tana bakin ƙofarta tana tsinar shinkafa, tana jin komai. Ta ce, "Maigidana, bar kawunka ya huta, ni zan yi masa tambaya. Kai ɗan boko: na sayi atamfa sule tara da sisi, kallabi sule uku, zare taro uku. Nawa zan biya?"

Kuɗin nan tun 1973 aka daina su, da naira ta maye gurbin fam. Na san fam sule ashirin ne, sule kwabo goma sha biyu, sisi kwabo shida, taro kwabo uku. Amma haɗa su a gaban yaran unguwa, gumi ya karyo mini. Na zura hannu aljihu na lalubo waya.

"Kawu na satar amsa!" Soro ya ɗauka gaba ɗaya.

"Sule sha uku da taro," in ji Hajiya, ba ta ko ɗaga kai daga faifai ba. Aka ce dole ita ma a ja mata layi.

Ranar da zan koma, Abba ya tare ni a ƙofa da lissafinsa: shi tara, Ummi biyar, yaran maƙwabta biyar, Kaka ɗaya. "Murtala ashirin, Kawu. Sardauna biyu cif." Na ƙirga layukan gawayi da yatsa, bai ƙara ba, bai rage ba. Na biya. Yaya ta ce ladan koyarwata shi ne in wanke mata bango.

Iyaye da malamai, ga abin da na samo da kuɗina. Yaro ba ya tsoron tarawa, Musa ne bai sani ba. Ku ba shi labarin abin da ke gidanku, a lokacin da ake samunsa, kuma a ce nasa ne, za ku ga amsa ta fito. Amma ku yi da tsakuwa ko ƙwallon tsamiya. Abin ci da kuɗi, sai in kun shirya asara.