Madalla da Microsoft, Gatan Talaka

Butulci ba halin Bakano ba ne, saboda haka ya kamata a samu wanda zai miƙe a madadin mutanen Ƙofar Na'isa da maƙwabtansu na Ɗan Agundi da Gadon Ƙaya ya yi wa kamfanin Microsoft godiya. Tun da dattawa sun yi gum, ni na ɗauki nauyin.

Alherin da ake magana a kai ya sauka ne ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da kamfanin ya zare hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ke tuƙa yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu da ɗakunan ɗalibanmu. Kada mai karatu ya tsorata, ba a kashe wa kowa kwamfuta ba. Ka danna ta kunnu, ka yi rubutu ta adana. Abin da aka daina kawai shi ne toshe ɓarakar tsaro, wato duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga wannan rana, haka za ta zauna a buɗe sai yadda hali ya yi. Kamfani mai tausayi kuwa ba zai bar ka a rana ba. Ga Windows 11 nan kyauta, ko sisi ba za ka biya ba, muddin kwamfutarka ta cika sharuɗɗa. Sharuɗɗan ma ba su da yawa: ta zamana tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, ƙwaƙwalwarta kuma, in ta Intel ce, ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2017. In taka ta girmi haka, ai sai ka sayi sabuwa. Ina abin tayar da jijiyar wuya?

Duk wanda ya bi titin BUK ya leƙa shagunan taifin da fotokwafi zai gane hikimar wannan hukunci. Abin da zai tarar a kan teburan nan su ne HP EliteBook 840 G3, da Folio 9470m, da tsofaffin Dell Latitude da ThinkPad, waɗanda wani ofishi a Ingila ko Amurka ya gama mora ya sallama. Wata ma har yanzu tambarin ofishin na manne a bayanta, kuma in ka dubi madannin lamba 3 sai ka ga alamar fam ɗin Ingila, kuɗin da mai shagon bai taɓa riƙewa ba. Harafin A da na E sun goge don dannawa, an ɗaure maratayin allon da salatif, batirin ba ya kai ka minti ashirin in an ɗauke wuta. Amma a kanta ake buga firojet ɗin ɗalibai, a kanta ake zana katin biki da CorelDRAW, a kanta yaro ke koyon danna amsa kafin ranar JAMB, tun da jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Daga ita ake fitar da kuɗin cefane da na makarantar yara. To, ga laifin nan a fili: tana aiki. Shekara tara, shekara goma sha biyu, ta ƙi lalacewa. Wannan ai rashin kunya ne. Injin da ya san ya kamata, in ya kai wani lokaci sai ya kwanta da kansa don masu ƙera sabo su ma su ci abinci. Da namu suka yi taurin kai, dole aka samu babba ya tsawatar.

Abin da ya fi burge ni shi ne adalcin da aka yi wajen zartar da dokar. An ce duk ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 7 ba ta cancanta ba. Sai aka waiga aka ga ashe wata kwamfutar kamfanin kansa, Surface Studio 2, wadda farashinta ya fara daga dala 3,499, da irin wannan ƙwaƙwalwar aka ƙera ta. Nan da nan, a Agusta 2021, aka sake nazari, aka gano cewa ita wannan ƙwaya guda, Core i7-7820HQ, lafiyarta ƙalau in tana cikin irin waɗannan na'urori. Yawancin 'yan'uwanta da aka haifa shekara ɗaya kuwa, hukunci na nan daram. Wa ya ce ilimin kimiyya bai san ɗan gida ba?

Masu riƙo suna ta tuna wa mutane cewa a Mayu 2015, a taron Ignite da aka yi a Chicago, wani ma'aikacin kamfanin mai suna Jerry Nixon ya shaida wa duniya cewa Windows 10 ce ta ƙarshe, daga ita sai dai a riƙa yi mata kwaskwarima. Shekara shida bayan haka, ranar 5 ga Oktoba 2021, sai ga Windows 11. Ni ban ga abin zargi ba. Babba ba ya ƙarya, sai dai ya sake shawara.

Mu 'yan Ƙofar Na'isa mun fi kowa fahimtar irin wannan ci gaba, domin mun gan shi da idonmu. Ƙofar nan ta ƙasa ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, ana shige da fice ta cikinta, damina ta zo ta wuce, a yi mata yaɓe ta ci gaba da aikinta. A 2010 aka duba aka ga ba ta cika sharuɗɗan sabon titi ba, aka sa katafila ta ture ta, aka gina wata da siminti, mai faɗi, aka bar mata sunan. Masu kula da kayan tarihi suka yi ta kururuwa, ihu bayan hari. Ita ma ba faɗuwa ta yi ba, tsayuwarta ce ta tsone wa zamani ido. Bambancin kawai, wancan karon ba a bi mu gida gida an ce kowa ya sayi tasa ƙofar ba.

Sai kuma rahamar da ta biyo baya. Wanda bai shirya rabuwa da Windows 10 ba, an ba shi ƙarin shekara guda ta tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ko ya biya dala 30, ko ya kawo maki 1,000 na ladan amfani da kayan kamfanin, ko ya buɗe asusun Microsoft ya miƙa saitunan kwamfutarsa a ajiye masa a rumbunsu. Dala 30 ai abin shan shayi ne a Seattle. A nan, da dala ta kai wajen naira 1,500 a 2025, ya kama kimanin naira 45,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun Yuli 2024. Mutanen Turai, da yake ba su da kawaici, ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers ta tasa kamfanin a gaba har ya sauke musu waɗannan sharuɗɗa, ya ce su shiga da asusunsu kawai su karɓa. Mu an san mu da mutunci, ba za a ci mana fuska da irin wannan sadaka ba.

Ga kuma garaɓasa tafe. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan hukunci zai iya mayarwa shara. Tambayar da ke damun Turawa ita ce ina za a zuba su. Mu ba ma buƙatar a gaya mana. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya nuna ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara, wajen kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga can, akasari kuma daga tashoshin Turai, wasu a cushe cikin motocin Beljiyam. Daga Legas sai Computer Village ta Ikeja, daga nan sai a loda a mota zuwa Farm Centre da titin Beirut. Ke nan kwamfutar da aka yanke wa hukuncin cewa ba ta da tsaron da ya dace da akawun Landan, za ta zo ta dace da mai shagon da ke shigar da lambar BVN da NIN ɗin jama'a. Za ta yi araha, ba shakka. Wadda ta ƙi tashi kuma 'yan jari bola su fasa, su ƙona wayoyin su ciri jan ƙarfe, yaran unguwa su shaƙi hayaƙin kyauta. Gaba ta kai mu, gobarar Titi.

Wani zai ce ina ruwanmu da duk wannan, mu da ba mu taɓa sayen Windows ba? Gaskiya ne, kowa ya san yadda ake yi. Ka kai wa injiniya, ya zaro filashi daga aljihu, ya yi mata fomatin, ya zuba Windows da Office da CorelDRAW, ya buga mata kirak, ka ba shi na goro. In kirak ɗin ya saki, sai wani dishi-dishin rubutu ya fito a kusurwar dama ta ƙasan allo yana roƙon a halatta ta, ya zauna nan shekara da shekaru har ido ya daina ganinsa. Lasisin Windows 11 Pro dala 199 ne, kusan naira 300,000 a canjin 2025, albashin sama da wata huɗu, kuma daga 2022 zuwa tsakiyar 2025 ko mai niyyar biya sai ya tarar yawancin bankuna sun hana katin naira saye a waje. Sai dai kada mu ɗauka wayo muka yi. Tun 1998, a Jami'ar Washington, Bill Gates ya yi bayani a kan mutanen Sin da ke amfani da manhaja ba biya. Ya ce in dai satar za su yi, gara su saci tasu, su saba har ta zame musu jiki, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Dubi wannan haƙuri, dubi hangen nesa! Yau a Kano in an ce yaro ya iya kwamfuta, ana nufin ya iya Word da Excel da PowerPoint, haka ma aka rubuta a takardar shaidar da makarantun koyon kwamfuta ke bayarwa. Shekara talatin muna yi wa kamfani talla da renon kwastomomi, bai biya mu ba, mu ma ba mu biya shi ba, zumunci ya ɗore.

Ko da aka so raba mu, bai yi sakaci ba. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 don makarantun Najeriya, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Ana cikin haka shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa an gaya masa za a biya shi kuɗinsa, amma za a goge manhajarsa a sa Windows. Microsoft ya ce shi bai yi wani abin da ya saɓa doka ba, daga baya kuma hukumar da ta biya kuɗin mafi yawansu ta ce za ta bar Linux ɗin. Ko ma dai yaya aka ƙare, an nuna ana kishin yaranmu. Mandriva ta durƙushe a 2015, Windows na nan.

Ban manta da tarbiyyar da ake ba mu kullum ba. Ɗaliba ta zo shago da filashi, gobe za ta miƙa babi na huɗu, KEDCO ta ɗauke wuta tun safe, mai shago ya ja janareta da man da tun cire tallafi a Mayu 2023 ake auna shi kamar turare. Ya kunna kwamfuta, sai allo ya yi shuɗi, ɗigo-ɗigo suna zagaye, an rubuta ana sabuntawa, an kai kashi 30 cikin ɗari, kada a kashe. Janareta na ruri, ɗaliba na duba agogo, mai shago na cewa "Yi haƙuri Hajiya, yanzu za ta gama." Wa'azin haƙuri nawa aka yi mana bai shiga ba, sai ga na'ura ta koyar a zama ɗaya. Datar da ta sha ta sauko da wannan darasi kuwa, bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairu 2025, sai a ɗauke ta kuɗin makaranta. Sabuwar ma, Windows 11, ta fi kula da mu: ba za ta yarda ka gama saita ta ba sai ka haɗa ta da intanet ka shiga da asusu, don kada ka yi kaɗaici. In ka buɗe Word ka fara rubuta Hausa kuma, sai ta bi kalmominka ɗaya bayan ɗaya ta ja musu jan layi, tana tuna maka da ladabi cewa harshen uwarka kuskure ne daga farko har ƙarshe.

A 2019 kamfanin ya yi shelar zuba dala miliyan 100 a cibiyoyin injiniyoyi a Nairobi da Legas, a 2024 ya rufe ta Legas. Baƙon kirki ke nan, ba ya daɗewa har a gaji da shi.

Abin takaici, ko a cikinmu akwai marasa godiya. Wasu injiniyoyin sun gano wata 'yar manhaja mai suna Rufus da ke tsallake binciken TPM, su ɗora Windows 11 a kan tsohuwar EliteBook, ita kuma don rashin ta ido sai ta kama aiki, kamar tana son ƙaryata manya. Kamfani dai ya gargaɗe su cewa ba ya lamunce musu sabuntawa. Waɗanda suka fi su ɓata su ne masu zuga mutane su koma Linux Mint ko Ubuntu, wai kyauta ce halak malak, wai ba ta tambayar shekarun kwamfuta, wai LibreOffice na buɗe takardun Word, wai ma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa Ubuntu a 2004. Allah ya so mu CorelDRAW ba ta hawa kanta kai tsaye, kuma malaman da suka koya mana kwamfuta ba su taɓa ambatonta ba, don haka fitinar ba za ta yi nisa ba. Ina kira ga iyaye su sa ido. Yaron da ya saba da abin da ba a biya kuma ba a sata, wa ya san abin da zai fara tambaya gobe?

Saboda haka, ranka ya daɗe Microsoft, mun gode, Allah ya ƙara kasuwa. Roƙonmu ɗaya ne: a taimaka a sanar da mu ranar rasuwar Windows 11 da wuri, tare da jerin kwamfutocin da za su bi ta, don mu fara zubin adashi tun yanzu.