Masu Jin Tsofaffin Waƙoƙi a Grand Concourse

A 1909 aka buɗe titin Grand Concourse da ke Bronx, a birnin New York, kuma injiniyan da ya tsara shi, Louis Risse, babban titin Champs-Élysées na birnin Faris ya so ya kwaikwaya. Bai san dandalin hira yake share wa 'yan zangon Kumasi da Nima, da mutanen Maraɗi da Damagaram, da Kanawa da Zamfarawa ba. Yau daga wajen filin wasan Yankee har Fordham Road, jiragen B da D na ruri a ƙarƙashin ƙasa, a sama kuwa ga kantunan daddawa da kuka, ga shagunan aski. Duk inda Hausawa uku suka zauna, wayar ɗaya sai ta fara kiɗa, daga nan musu ya kaure.

Wanda ya fi kowa murya shi ne ɗan Shata, kuma galibi direban tasi ne. A lissafinsa an rufe ƙofar waƙa ranar 18 ga Yunin 1999 da Shata ya rasu, duk abin da aka rera bayan nan hayaniya ce. In ka ce "Shata" gatsau, zai dube ka ta madubi ya ce, "Dokta, malam. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ba shi a 1988, ba a kasuwa ya saya ba." Kowannensu ya taɓa tsayawa dab da marigayin a wajen wasa, kuma kowanne marigayin ya kalle shi ya yi murmushi. Da za a tara masu wannan da'awa a Bronx kaɗai, da makaɗa ba su sami wurin rataya kalangu ba. Abin tausayi fasinja ne, wanda ya fito kallon ƙwallo a gajiye, ya faɗa cikin Bakandamiya tsamo-tsamo, ga fassara kyauta a duk inda danja ta tsayar da mota. Washegari direba ya ga an rage masa taurari a Uber, ya ce hassada ce.

Bazamfare ko Basakkwace yana gefe yana jin duk wannan, yana murmushin raini. Shi kiɗa a wurinsa kotso ne da taushi, mawaƙa kuwa Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Kada ka yarda ya kunna maka waƙa in kana da aikin dare. Ɗa ɗaya za a rera ya danne wayar: "Tsaya, ɗan'uwa, ka san ko wa aka nuhi nan?" Sai ya jero maka sarkin da uban sarkin, da ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa, wanda shi ake yi wa zambon. Waƙar minti ashirin takan ci daga isha'i har mai aski ya fara kashe fitilu. Gaskiya dai bayaninsa na da amfani, don waƙar fada ba ta buɗuwa ga wanda bai san gidan ba. Sai dai bai taɓa barin kowa ya ji ta kai ƙarshe ba.

Akwai kuma wanda suna ke ɓata wa rai. Da zarar ka nuna ka san mawaƙi, mawaƙin ya faɗi a idonsa. Ya ambaci Haruna Uji mai gurmi, ka ce ai na Haɗeja, sai ya tsuke fuska ya koma Garba Supa. Ka gyaɗa kai, ya tsallaka ga Hassan Wayam da Ahmadu Doka masu kukuma. In ka ci gaba da taurin kan sani, zai zaro maka wani makaɗi da ya taɓa wasa a kasuwar ƙauyensu, wanda aka ɗauka da rikoda mai batir mai rauni, kukan awaki ya fi muryarsa fitowa. Sai ya lumshe ido ya ce, "Ka ji waƙa." Dariya yake ba ni, amma ina ganin girmansa kan abu ɗaya: shi kaɗai ke tambayar su wa ke amshi, wa ke riƙe da ƙaramin kalangu. Mutanen nan sun yi shekaru a bayan manyan mawaƙa, muryarsu na cikin kowane kaset, sunansu ba ya bisa ko ɗaya.

Ɗan Nijar ƙorafinsa daɗaɗɗe ne, wai Rediyon Kaduna ya cika kunnen duniya har aka manta da Ɗan Gurmu na Tawa, da Mamman Gawo Filinge, da Sa'adu Bori na Maraɗi. Yana da gaskiya. Amma shi ma ba a rasa inda za a kama shi. Mamman Sani mai ogan ya fitar da kaset a 1978, kiɗansa ya yi shekaru yana cike gurbi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar, mutumin namu na ji yana shan shayi bai taɓa tambayar na wane ne ba. Sai da kamfanin Sahel Sounds na nan Amurka ya sake buga shi a faifai a 2013, samarin Turawan Brooklyn suka fara sayensa, sannan ya tuna ai tun yana yaro yake ƙaunarsa. Nan ne ɗan zango, wanda kunnensa ɗaya ke ga mawaƙin Ghana E.T. Mensah ɗaya ga Shata, zai ajiye cokalin wake da shinkafa ya ce, "To a Accra aka haife shi dai."

Hajiya ba ta shiga wannan musu, ba ta da lokacinsa. Mako guda tana gidajen tsofaffi tana kula da su, tana kukan gwiwa a matakalar jirgi. Ranar suna, a zauren da aka kama haya, da an saki amadar Barmani Coge ko ta Uwaliya, ƙwarya ta amsa, gwiwa ta warke nan take, gyale ya koma ƙugu, dala ɗai-ɗai ta fara zuba. Ba ta riƙe shekarar da Barmani ta rasu ba, 2013 ce, amma ba kalmar da ta ɓace mata, har waɗanda maza ke yi kamar ba su ji ba.

Ustaz ya tuba da kiɗa tun da daɗewa, kuma yana son a sani. Yana zaune yana jan carbi, wani ya rera waƙar Shago ta Ɗan Anace ya karkace a tsakiya. "Astagfirullah," in ji Ustaz, "ba haka take ba." Ya gyara, ya ƙara ɗiya biyu don a fahimta. Kada a ambaci mawaƙin Indiya Mohammed Rafi a gabansa, idonsa ƙwalla yake kawowa, ya ce sanyin New York ne.

Yaron da aka haifa a nan ya san a gida mai lamba 1520 a Sedgwick Avenue, can yamma da Concourse, DJ Kool Herc ya yi bikin 1973 da ake cewa daga shi hip-hop ya samo asali. Ran da ya ce, "Baba, turo min Ɗan Maraya," uban har sadaka ya yi. Bayan kwana biyu ya ji kuntigi an yanka shi gunduwa-gunduwa an ɗora masa ganga mai girgiza tagogi. Ya ce an ci mutuncin marigayi, sannan ya tura wa duk 'yan garinsu a WhatsApp.

Dukkansu kuma mutum ɗaya suke bibiya, Alhaji mai akwati. Ya shigo Amurka da kasakasai cike da akwatin ƙarfe, na EMI da waɗanda aka ɗauka a wajen biki, wasu babu su a YouTube, wataƙila babu su a ko'ina. Rikodar da za ta juya su ta mutu tun ba yau ba. Akwatin na ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida, zafi da laima na cin zaren a hankali. Matasa sun roƙe shi ya bari a kwafe su a kwamfuta, har da alkawarin a gabansa za a yi. Ya ce ba a ba da aron irin wannan kaya, amma a bari sai bayan Sallah. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa ƙarama ko babba.