Miss Marple a Hausari

Mutanen Ingila, waɗanda Allah ya jarrabe su da son hikayar kisan kai, suna alfahari da tsohuwa Miss Marple, ta littafin Agatha Christie na 1930, wai tana saƙarta a ƙauye tana gano mai laifi, alhali 'yan sanda suna lalube. Da marubuciyar ta taɓa zama a majalisar masu ɗinkin hular zanna bukar a unguwar Hausari, ƙarƙashin dogon yaro, da littafin bai kai shafi uku ba. Domin kafin zare ya ƙare a allura, an ambaci mai laifi, da nasabarsa, da bashin da ake binsa. Sai dai a gaban alƙali, wallahi kowa zai rantse idonsa yana kan allura.