Awarar Malam

A Panshekara babu layin da za ka bi da yamma ba ka ji ƙanshin suyar awara ba. Yarinya ce zaune gaban kasko, ga yaji ga yankakken kabeji, tana juyawa tana hira da ƙawarta, ko kallon man ba ta yi. Duk wanda ya daɗe yana ganin haka, wata rana sai shaiɗan ya raya masa cewa abin ba wuya. Ni nawa shaiɗanin ta hannun ɗan ƙanwata ya biyo, wanda ke karatu a Jami'ar Bayero. Waya ya miƙo min: wata Baturiya ta marmashe awara, ta haɗa da laimar kwaɗi, ta mulmula, ta danne ta yi faɗi, ta soya. Ba nama, ba ƙwai, ba madara. Wai a can akwai mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Na ce masa, "Ai mu ma tun da nama ya yi tsada muka shiga ƙungiyar, rajista ce kawai ba mu yi ba."

Ranar Asabar uwargida ta tafi biki gidansu a Kura, gida ya rage daga ni sai Inna da yara. Kayan miya ba matsala. Wanda ya auri 'yar Kura ba ya rasa tumatir da rani, tunda ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana bin magudanai har gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma surukina bai taɓa mantawa da kwandonmu ba. Laimar kwaɗin ce sai da na shiga gari, wani babban kanti mai sanyi, na same ta cikin firji an lulluɓe da leda. Da na ga kuɗin sai da na gyara tabarau. Zai sai wa gidan nan tsire har da na maƙwabta, amma yarinyar da ke karɓar kuɗi ta riga ta zuba min ido, mutunci kuwa madara ne.

Baturiyar sayen awararta ta yi a shirye. Na ce ni daga tushe zan fara. Tun daren Juma'a na jiƙa waken suya kwano biyu, ba wanda ya gaya min cewa abin kumbura yake yi, gari ya waye ya cika baho yana neman hanyar fita. Haka na ɗauka zuwa inji, ni kaɗai mai hula a layin 'yan mata masu bokitin markaɗe. Mai inji ya dube ni, ya sassauta murya ya ce, "Malam, Allah ya sa dai yaji ne kawai, ba saki ba."

Abin tata na nema ko'ina ban gani ba, sai na hango wani siririn gyale a kan igiya. Ya yi aiki sosai, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ruwan tsami kuwa wurin maƙwabciyarmu mai koko na aika, ta biyo yaron da kanta har zaure. "Malam, sai ta tafasa, sannan ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. In ka ga ta haɗe ta taso, ruwan ya ware, to ka dakata." Na ce mata na gane, ai tsamin ne ke dunƙule madarar, har a makaranta mun yi. Abin da ba mu yi a makaranta ba shi ne madarar waken suya ba ta son a juya mata baya. Sallama aka yi a ƙofa, kafin in ce wa alaikumussalam ta taso ta yi ambaliya, ta kashe gawayin, ta bi tsakar gida. Na sake hura wuta ina hawaye, cikin fushi na juye ruwan tsamin gaba ɗaya. Ta haɗe kam. Na ƙulle a gyalen, na kifa turmi a kai, da na ga ruwan na jan jiki sai na hau na zauna.

A haka Inna ta fito alwalar Azahar ta same ni. Ba ta ce komai a kan turmin ba, idonta na kan farantin laimar kwaɗin.

"Kai, wannan ba abin da ke tsirowa a bola da damina ba ne?"

Na yi mata bayani cewa wannan nomawa ake yi a ɗaki, na daji ne ake tsoro don a cikinsu akwai mai kisa.

"To kai wa ya ce maka wannan ba mai kisan ba ne?"

"An rubuta a jiki, Inna."

"Da Turanci?"

Na ce e. Ta tattara jikokinta ta shige ɗaki, na ji ƙarar sakata.

Ashe laimar kwaɗi kusan duk jikinta ruwa ne, sai an fara soya ta ita kaɗai ta tsotse, sannan tunda ba ƙwai sai an barbaɗa fulawa ta kama haɗin. Duk wannan yana ƙarshen bidiyon, daidai inda data ta ƙare, don haka laifin na masu sayar da data ne. Na yanka ta ɗanya na cakuɗa da awara da albasa da attaruhu, na mulmula, na saka a tafasasshen mai. Kaskon ya ɗauki harbi kamar ranar hawan Daushe. Na kare fuska da murfin tukunya ina miƙa matsami daga nesa, ina kallo dunƙulen farko ya watse, na biyu ya bi shi, kowa ya kama gabansa.

Ana kiran Magariba uwargida ta shigo. Ta dubi kaskon, ta dubi tsakar gida, ta ɗanɗana haɗin ta yamutsa fuska. Ba ta ko cire mayafi ba ta matse sauran, ta zuba fulawa, ta jawo ƙwai.

"Maman Hafsatu, ba a sa ƙwai. Tsarin ya hana."

"Tsarin wa?"

Ta fasa guda uku. Suka fito jawur, kowanne da kamarsa, yara suka yi wawa. Inna ma ta ci biyu, tana tsince baƙi-baƙin tana jefa wa kaji, tana lura ko za su faɗi. Ana cikin wanke hannu na ji uwargida tana tambayar Hafsatu ko ta ga gyalen ankon da za ta sa wa yinin gobe, wanda ta shanya a igiya. Lokacin Isha'i bai yi ba tukuna, amma na ɗauki buta na nufi masallaci.