Ƙwai Bai Kalli Bidiyon Ba

Ni dai ina bayan masu tona asirin rufa-ido a waya, ko da 'yan dabo za su ja mini Allah ya isa. Yanzu yaro a Hunkuyi ko Ikara, in dai akwai data, zai ga yadda Bature ke ɓatar da kwabo a tafin hannu, da yadda ɗan Indiya ke zaro tantabara daga hannun riga, ya yi ta maimaitawa har ya gano inda aka soke ta. Ana ta kukan an kashe sana'a. Kukan nan ya tsufa. Ƙungiyar Magic Circle da aka kafa a Landan a 1905 ta haramta wa 'ya'yanta faɗin sirri, amma a 1997 wani ya rufe fuska ya hau talabijin a Amurka yana kwance dabarun ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yan dabon can ba su koma bara ba.

Dalili kuwa, sanin dabara daban, iya ta daban. Yaro ya kalli yadda ake fasa ƙwai a hula a fito da ita tas, sai ya tara ƙannensa a zaure, ya ɗauko zanna-bukar ɗin da babansa ke zuwa Juma'a da ita, ya fasa. Shi kuwa ƙwai bai kalli bidiyon ba. A tofa, a hura, a leƙa, gwaiduwa na nan ta zuba ido, ƙanne tuni sun tafi kai rahoto. Abin da ke ɓacewa a ranar shi ne yaron, sai bayan isha'i. Ɗan dabon da ke tara jama'a ran Laraba a kasuwar Makarfi kuwa, jarinsa bakinsa ne da makaɗinsa da yatsun da suka shekara suna gwaji: ya cika ka da surutu, idonka na kan damansa, hagu na aiki.

Wani zai ce ina daɗin kallo in an san sirri? Ai kowa ya san jarumin fim bai mutu ba, amma ana sharar hawaye. Malam zai ce sihiri ne, haramun. To bidiyon nan ne ke nuna babu aljani ko ɗaya a ciki, zare ne da aljihun ɓoye. Manomin da ya ga yadda ake musanya takarda da naira, da wuya mai ninka kuɗi ya raba shi da cinikin rakensa. Inda nake ja da baya shi ne tauri. Houdini, gwanin kuɓuta daga sarƙa, wani ɗalibi ya kirɓa masa naushi a ciki a Montreal a 1926 bai shirya ba, 'yan kwanaki tsakani ya mutu a Detroit da fasasshen afendis. Duk yaron da ya ga ana goga wuƙa a tumbi hannunsa ya fara ƙaiƙayi, don Allah a miƙa masa hular baban, ita akwai masu wankinta a kasuwa.