Ruhubanawa Sun Gudu, Mun Bi Su da Waya

Tun kimanin shekara 1,500 da suka wuce wasu bayin Allah suka dubi duniya, suka ga surutunta ya ishe su, suka naɗe 'yan tabarminsu suka haye duwatsun da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Ruhubanawa ke nan, masu zuhudu na Kirista da na addinin Buda, waɗanda suka gina gidajen ibada a ƙuryar hamada da bakin rami don kada kowa ya dame su. Abu ɗaya ne ba su hango ba: duk wuraren da suka zaɓa suna fita da kyau a hoto. Yau ga mu nan mun bi sawunsu, waya a hannu, robar ruwa a hammata, muna tambayar mai gadi ko akwai sabis.

Masu wannan bin sawu kuwa sun rabu gida biyu, kuma ba sa ga maciji. Akwai ɗan ayari, wanda zai biya kamfanin yawon buɗe ido kuɗin kujera, a ɗauke shi, a ciyar da shi, a nuna masa inda zai kalla da inda zai yi mamaki. Akwai kuma ɗan ni-kaɗai, wanda ya rantse ba zai ba kowa ko sisi ba don a nuna masa hanya, tunda yana da taswira a waya kuma ya kwana biyu yana bincike a intanet. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake musu tsakanin masu tafiya ta hukumar alhazai da masu jirgin yawo ya san kalar gardamar. Bambancin kawai, a nan ba lada ake rububi ba, abin ba da labari ake nema.

Mu fara da Masar, inda abin ya fi kusa da mu. A kudancin Sina'i, a gindin dutsen da mutanen yankin ke kira Jabal Musa, wanda da yawa ke ɗauka shi ne Ɗuri Sina, akwai gidan ruhubanawa na Santa Katarina. Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565, wato 'yan shekaru kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikin ganuwarsa akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyawa, akwai ɗakin littattafai da ke cikin mafi tsufa a duniya, akwai kuma kwafin wata takardar amana da ruhubanawan ke dangantawa da Annabi. Wuri ne da ya cancanci mutum ya yi kwana uku yana kallo yana jinjina kai.

Ɗan ayari dai mintoci zai ba shi. Ga yadda tsarin yake: bas za ta kwashe su daga Sharm el-Shaikh ko Dahab da daddare, a sauke su a gindin dutse tsakar dare, a ce su hau don su ga fitowar rana daga ƙololuwa mai tsayin mita 2,285. Rana ce fa, ita ɗin dai da ke fitowa kyauta a Gezawa, wadda Alhaji ya shekara ashirin yana barcin bayan asuba bai taɓa leƙa ta ba. Amma tunda wannan da dala aka biya, sai a tsaya ana karkarwa cikin sanyi ana jiran ta. Kafin a sauko a isa ƙofar gidan ruhubanawan, wanda da safe kawai ake buɗe shi, ranar Lahadi da ranakun bukukuwansu kuma a rufe yake, gwiwa ta riga ta mutu, ido ya yi ja. Ɗan jagora yana bayanin ƙarni na shida, rabin ayari yana neman inda zai jingina.

Kuma kowane ayari, ko daga ina ya fito, ba ya rasa mutum huɗu. Ga mai makara, wanda saboda shi ake ƙirga kawuna a ƙofar bas kamar awaki da magariba. Ga mai gyara wa ɗan jagora tarihi da abin da ya ji a rediyo. Ga mai hoto, wanda bai ga komai da idonsa ba sai ta gilashin waya. Sai kuma Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya, wadda tun a filin jirgi take da tambaya guda. Za ta jawo ɗalibin Azhar ɗin da aka ɗauko ya yi tafinta:

"Ɗana, wai ina kasuwar garin nan take?"

"Mama, ai ba gari ba ne, gidan masu ibada ne."

"To su masu ibadar ba sa tsaraba? Haka zan koma hannu na dukan cinya?"

A ƙarshe za ta samo tsarabar, domin duk inda bas ke tsayawa Allah Ya hore masa mai shago, kuma sau da yawa mai shagon sun san juna da direba fiye da yadda ake zato.

Ɗan ni-kaɗai yana gefe yana musu kallon tausayi. Shi ai matafiyi ne, su kuwa kaya ne. Sai dai da ya isa gindin dutsen za a shaida masa cewa ba a hawa sai da ɗan rakiya daga Larabawan yankin, Jabaliyawa, waɗanda kakanninsu ke hidimar gidan tun fil azal. Zai yi gardama da Turanci, a ba shi amsa da Larabci, ya biya. Bayan awa guda numfashi zai fara gagara, sai ga mai raƙumi ya ɓullo daga duhu, wanda tun ɗazu yake biye da shi don ya san ƙarshen irin wannan cika baki. Ya biya. Raƙumi kuma ba ya kaiwa sama, akwai matakala 750 na ƙarshe da dole ƙafa ta taka, cikin 3,750 da ruhubanawa suka jera da hannu ta ɗaya hanyar. A sama sanyi zai kama shi, ya yi hayar bargo, ya sayi shayi a farashin da zai sa mai shayin unguwarsu ya yi kuka. In ka tara lissafi, mutum huɗu ne suka yi jigilarsa. Amma ka same shi a majalisa bayan sati biyu: "Ni kaɗai na hau, wallahi, ba ruwana da wani kamfani."

Idan ruhubanawan sun fi sakin jiki da masu zuwa a jere ana ƙirga su, suna da hujja. A shekarar 1844 wani masani Bajamushe, Konstantin Tishendof, ya zo musu ba tare da ayari ba, cikin ladabi da son ilimi. Ya tafi da warƙa 43 na wani kwafin Baibul na ƙarni na huɗu. A 1859 ya dawo, wannan karon mafi yawan littafin ya bi shi zuwa wurin sarkin Rasha. A 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila da shi a kan fam 100,000, kuma har gobe yana Landan. Ana ta muhawara a kan ko aro ne, ko kyauta, ko wani abu da ba a faɗa a gaban manya. Hajiya dai, duk tambayar kasuwarta, da kuɗinta ta sayi abin da ta ɗauka.

Daga nan sai Habasha, ƙasar da 'yan kasuwarmu suka haddace filin jirginta na Adis Ababa ba tare da sun taɓa fita ƙofarsa ba. A arewa, a yankin Tigrai, ƙasar da masallacin Najjashi yake, akwai Dabre Damo, gidan ruhubanawa na ƙarni na shida a kan wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai. Ba shi da matakala, ba shi da ƙofar ƙasa. Igiyar fata ce ake zuro maka, ka kama ka hau bango mai kimanin mita 15, wata igiyar a ɗaure a ƙugunka, wani bawan Allah a sama yana ja. Almararsu ta ce wanda ya kafa wurin, Abuna Aragawi, wani ƙaton maciji ne ya ɗaga shi zuwa sama. Ka ga ke nan ko shi mai gidan sai da aka yi masa jagora.

A gindin wannan igiya duk falsafar ɗan ni-kaɗai take ƙarewa. Taswirar waya za ta gaya masa ya iso. Ya iso ɗin kuwa, saura sama. Mutumin da ya ƙi yarda da ɗan jagora a kan kuɗin mota, yanzu zai miƙa ƙugunsa da ransa ga wanda bai san sunansa ba. Ɗan ayari shi ma ba tsira ya yi ba, domin takardar kamfani ta ce "ziyarar Dabre Damo", ba ta ce Alhaji mai tumbi da babbar riga zai yi lilo tsakanin sama da ƙasa yana karanto duk addu'ar da ya sani ba. Mata kuwa ba a barin su hawa sam. Hajiya za ta zauna a inuwa da jakunkunan kowa, tana kallon mai gidanta yana reto, kuma in ka lura da fuskarta za ka ga ita ce ta fi kowa morar kuɗinta.

Kafin ma a kai ga igiya, agogo ya isa ya kayar da mai tafiya shi kaɗai. Mutanen Habasha daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, don haka in yaron mota ya ce ƙarfe goma sha biyu za a tashi, shida na safe yake nufi. Namu zai yi barcinsa, ya karya kumallo a natse, ya iso tasha da tsakar rana yana yaba wa kansa da zuwa a kan lokaci. Shekararsu ma wata 13 ce, kuma tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas. Ga kuma abin da ba na dariya ba: yankin ya sha yaƙi daga 2020 zuwa 2022, kuma sanin wace hanya ce ke biyuwa yau ba a waya ake samunsa ba, a bakin ɗan gari ake ji.

Wasu wuraren sun hutar da kowa gardamar. Dutsen Atos na ƙasar Girka, mai gidajen ruhubanawa 20, ba a shiga sai da takardar izini, kuma a rana mutum 10 kacal ake ba wa cikin waɗanda ba 'yan cocin Otodoks ba, su ma maza zalla. Ƙasar Butan, mai gidan ibadar Taktsang da ke manne a jikin dutse mita 900 sama da kwarin Paro, tana karɓar dala 100 a kan kowane dare daga yawancin baƙi, kafin a yi maganar abinci ko masauki. A can, da mai ayari da mai taurin kai, duk layi ɗaya suke bi wurin mai karɓar kuɗi.

Abin da ke ba ni dariya da ɗan ni-kaɗai namu na gida shi ne yadda yake ɗaukar bin jagora a matsayin raini, alhali jikan fatake ne. Kakanninmu da suka yi ta safarar goro daga Gwanja ba su taɓa fita ba madugu ba, ga jagaba a gaba yana duba hanya da zango. Waɗanda suka taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, wasu ma suka zauna can har yau zuriyarsu na nan, a ayari suka tafi. Ba wanda ya ce da su ragwaye. Sun san da ɗan gari akan ci gari, tun kafin a ƙirƙiro kamfanin da zai sa wa abin farashi da hula mai tambari. Sai dai madugu yana kwana inda ayari ya kwana, yana shan ruwan da suka sha. Madugun zamani kuwa wani lokaci yana ofis mai sanyi, abin da ya haɗa shi da kai lambar asusu ce kawai.

Hukuncina dai ga shi. Bas mai mutum hamsin ba ta dace da gidan da aka gina don shiru ba, taurin kai kuma ba ya hawa igiya. In za ka, ku tafi ku biyu ko uku, ku ɗauki ɗan rakiya na wurin, ku biya shi hakkinsa ba tare da cinikin da zai zubar da mutuncin ƙasarmu ba. Ku tambayi ranar da ake buɗewa tun kafin ku sayi tikiti, Alhaji ya bar babbar riga a masauki, a kuma gaya wa Hajiya gaskiya game da kasuwa tun daga gida. In kun shiga, don Allah a kashe waya, mutanen nan salla irin tasu suke yi.